Rufin shago da sito a ƙasar dusar ƙanƙara: tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi min

Assalamu alaikum. Ni dai sana'ata hawa rufi ce anan jihar Ohayo ta Amurka, rufin shaguna, sito, gidajen abinci, duk wani ginin kasuwanci dai. Duk shekara da Disamba ta kama wayata bata hutawa, 'yan uwanmu na Ghana da Nijar da Najeriya da Allah ya buɗa musu suka kama shago, ko jama'a suka haɗa kuɗi suka sayi tsohon sito suka mayar dashi masallaci, kowa ya kira da maganar silin yana ɗiga. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, har na haddace su, shi yasa nace bari in tara su wuri ɗaya in amsa iya abinda na sani. Wanda yake Kanada ko arewacin Turai ma zai amfana, don sanyin da ruwan duk halinsu ɗaya.

Malam, duk lokacin zafi anyi ruwa kamar da bakin ƙwarya rufina bai yi yoyo ba, me yasa sai da sanyi ya shigo ya fara zuba?

Saboda ruwan lokacin zafi baƙo ne, yazo ya wuce. Na hunturu kuwa zama yake zuwa yi. Dusar ƙanƙara ta sauka ta kwanta akan rufi sati biyu sati uku, da rana ɗan zafin rana da ɗumin hitar dake cikin shagon su narkar da ƙasanta, ruwan ya gangara ya shiga duk wata 'yar tsaga da ya samu, da dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili ya daskare a ciki. Toh shi ruwa in ya daskare kumbura yake, yana ƙara kusan kashi 9 cikin 100 na girmansa, irin yadda kwalbar lemo ke fashewa in ka manta da ita a firiza. Tsagar da jiya allura ce kaɗai zata shiga, yau ta ɗan buɗe, gobe ruwa ya ƙara shiga ya ƙara daskarewa, haka haka har ta zama ƙofa. A nan wajenmu ma abin yafi muni fiye da wuraren da sanyi ke kamawa ya riƙe wata uku ba sassauci, don mu yau a narke gobe a daskare, cikin sati ɗaya sai ayi haka sau huɗu.

Kuma mafi yawan ginin kasuwanci anan rufinsu shimfiɗaɗɗe ne kamar soro ko dekin, ba gangare irin na kwano ba. Ƙarfe ko katako a ƙasa, a ɗora allunan dake riƙe ɗumi, sannan a lulluɓe da wata shimfiɗa mai kamar leda mai kauri. Baƙa ta roba ita ce EPDM, fara ita ce TPO ko PVC, tsofaffin gine-gine kuma kwalta da tsakuwa. Ita shimfiɗar a tsakiyarta ba kasafai take hujewa ba, inda ake samun matsala shine wajen haɗi, da gindin bututu, da kewayen injin esi da ake ɗorawa a sama, da inda ta hau jikin rawanin bango, wato ɗan gajeren bangon dake kewaye da bakin rufin.

Yaushe ya kamata in fara shiri, kuma me zan duba?

Ka tuna gida. Mai soro a Kano ko Damagaram ko Zariya baya jira hadari ya haɗo sannan ya nemi magini, tun kafin ruwan farko ake hawa ayi yaɓe a buɗe indararo a cire ciyawa da sheƙar tsuntsu. Toh nan ma haka ne, sai dai damunarmu ta nan daskarewa take. Ka kira mai duba rufi a Satumba ko farkon Oktoba tun gam yana kamawa, yayi gyaran da za'ayi. Sannan a sake hawa ƙarshen Nuwamba bayan bishiyoyi sun gama zubar da ganye, don share magudana kaɗai. Wannan hawa na biyun shi mutane suka fi tsallakewa, kuma wallahi shine ya fi muhimmanci. Na sha zuwa shagon da aka share masa magudana a Oktoba aka biya kuɗi, ganyen Nuwamba yazo ya sake toshewa.

Abinda za'a duba: magudanar tsakiyar rufi da ɗan kejin dake kanta, in ya karye ko ya ɓace a sa wani. Ƙofofin ruwa na jikin rawani, waɗanda su ne indararon nan. Bututun dake sauke ruwa ƙasa, a zuba ruwa da tiyo a ga ya fita da gudu. Layin haɗin shimfiɗa, a bi shi da ido da ɗan ƙarfe mara kaifi a ga ko ya ɗago. Hular ƙarfen dake saman rawani. Sai kuma sharar da masu gyaran esi ke bari, kusoshi, guntun kwano, tsohon bel, don wannan guntun kwanon in aka taka shi a ƙarƙashin dusa shine zai huda maka rufi.

Ka ɗau hoto da wayarka kowane lungu, kafin gyara da bayan gyara, ka ajiye rasit. Zanyi bayanin dalili a ƙasa wajen maganar inshora.

Ina ganin ruwa yana ɗan kwanciya a saman, ai rana zata shanye shi ko?

A watan Yuli eh. A Janairu wace ranar? Ƙa'idar da masu sana'ar rufi ke bi anan ita ce, ruwan da ya wuce awa 48 a kwance bayan an ɗauke ruwan sama, matsala ne. Don rufin da muke cewa shimfiɗaɗɗe ba shimfiɗe yake sosai ba, dokar gini tana so ya karkata aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa ɗaya zuwa wajen magudana. In ruwa ya tsaya, ko magudana ta toshe ko wani wuri ya lotsa.

Mutane basu san nauyin ruwa ba shi yasa. Bari muyi lissafi da buhun siminti tunda shi kowa ya sani. Ruwa mai zurfin inci 1 akan murabba'in mita 1 kilo 25 ne, rabin buhu kenan. In rufin shagonka murabba'in mita 500 ne, magudana ta toshe ruwa ya taru inci 2 a ko'ina, nauyinsa ya kai tan 25, wato buhun siminti 500 ka jibge a saman kanka kana ƙasa kana auna wa mata gari da manja. Kuma abin yana ciyar da kansa ne, nauyi ya lotsa rufi, lotsawar ta ƙara tara ruwa, ruwan ya ƙara nauyi.

Magudanar ba shara a ciki amma ta daskare, ruwa ya rasa hanya. Wannan kuma fa?

Wannan shine dam ɗin ƙanƙara, kuma shi ya fi kawo min kira cikin dare. Tsakiyar rufi yana da ɗumi saboda zafin cikin gini yana tasowa, gefe-gefe da bakin indararo da bututun dake waje kuwa sanyi ƙalau. Ruwan da ya narke a tsakiya ya gangaro, yana isowa bakin fita sai ya daskare, na bayansa yazo ya hau kai ya daskare, kafin kace me an gina katanga, ruwa ya taru a bayanta kamar tafki yana neman inda zai kutsa. In kaga ƙanƙara tana reto daga bakin rufi kamar ƙahonni, yara suna murna suna ɗaukar hoto, kai mai gini ba abin murna bane, alama ce ɗumin da kake biyan kuɗinsa yana tserewa ta sama.

Maganin gaggawa, akwai wayar lantarki mai ɗumi da ake shimfiɗawa a cikin magudana da bututu, bata narkar da dusar rufi duka, hanya kawai take buɗewa ruwa ya samu ya wuce. Ka nemi irin wadda ke daidaita zafinta da kanta, kuma mai aikin lantarki mai lasisi ya haɗa ta, banda ja da waya daga soket ɗin bayan kanta. A gwada ta tun Nuwamba. In dam ɗin ya riga ya ginu akwai masu zuwa da injin tururi su narkar dashi, da tsada amma baya cin rufi. Abinda bana so inji shine guduma, gatari, ko wutar gas. Na taɓa zuwa wani sito da mai shi ya hau da diga yana saran ƙanƙara, ya buɗe magudana kam, amma ya bar min huji goma sha wani abu a kewayenta.

Maganin dindindin kuma daga ciki yake, a ƙara abin riƙe ɗumi a toshe inda iska mai zafi ke sulalewa sama. Wannan aikin bazara ne.

In watsa gishirin da ake watsawa a titi mana?

A'a Alhaji. Gishirin titi yana cin ƙarfe, magudana da bututu da kusoshi duk sai suyi tsatsa, kuma in sanyi ya wuce kamar digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas baya wani aikin kirki. Masu rufi in dole ta kama sun fi amfani da wanda ake kira kalsiyam kulorayid, shima a bakin magudana kawai, kuma sai ka tambayi kamfanin da yayi shimfiɗar rufinka ko ya yarda, kar ka ɓata garantinka akan buhun gishiri.

Dusa nawa ce tayi yawa? Naga inci 10 a saman, in damu?

Zurfi shi kaɗai baya faɗa maka komai, nauyi ake tambaya. Alƙaluman hukumar FEMA mai kula da bala'o'i anan Amurka sun nuna dusa busasshiya mai laushi zurfin ƙafa 1 bata wuce kamar kilo 15 akan murabba'in mita ba, amma jiƙaƙƙiya mai nauyi zurfin ƙafa 1 ɗin dai tana kaiwa kilo 100. Ƙanƙara tsantsa kuwa inci 1 kacal kilo 23 ne. Kaga inci 10 na yau da inci 10 na bayan sati ba ɗaya bane. Ranar da nafi tsoro ita ce ranar da ruwan sama ya sauka akan dusar da ta riga ta kwanta, dusar ta shanye shi kamar soso, magudana kuma a daskare.

Sannan iska bata raba dusa daidai. Tana kwasheta daga fili ta jibge a gindin rawani, a bayan injin esi, da kan ƙaramin rufin dake manne da dogon bango. Tsakiyar rufi inci 6, lungu ƙafa 4. Wajen nan ne ke fara karyewa, musamman rumfar da aka ƙara daga baya ba tare da injiniya ba, kuma mutanenmu akwai son ƙara rumfa.

Kowane gini akwai nauyin da aka zana shi ya ɗauka gwargwadon yankin da yake, na Minnesota ba irin na Ohayo bane. Ka nemi takardun zanen ginin, in babu ka biya injiniyan gini ya duba ya rubuta maka lambar ka manna a ofis.

Kar kace manyan gine-gine ne ai an yi su da ƙarfi. Ranar 18 ga Janairu 1978 rufin babban zauren wasanni na birnin Hartford a jihar Connecticut ya rufto da asuba ƙarƙashin dusa da ƙanƙara, awanni kaɗan bayan dubban mutane sun tashi daga kallon ƙwallon kwando, Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, bincike kuma ya gano tun a zane akwai kuskure. Ranar 12 ga Disamba 2010 rufin filin wasa na Metrodome a birnin Minneapolis na jihar Minnesota ya yage bayan dusa inci 17. A Polan ranar 28 ga Janairu 2006 zauren baje koli na Katowice ya faɗo ana tsaka da baje kolin tantabaru, mutum 65 suka rasu. Amma wanda nafi ba mutane labari shine na garin Bad Reichenhall a Jamus, 2 ga Janairu 2006, rufin zauren wasan zamiya akan ƙanƙara ya rufto, mutum 15 suka rasu galibinsu yara. Masu bincike sun gano dusar ranar bata wuce abinda rufi lafiyayye zai ɗauka ba, danshi ne ya shekara da shekaru yana cin gam ɗin da ya haɗa katakan rufin a ɓoye. Dusa ta zo ta tarar da aikin da ruwa ya riga ya gama.

Wace alama zan gani in san rufi ya fara gajiya?

Ƙofar da kullum take buɗewa lafiya yau ta cije, ko ta ƙi rufuwa. Allunan silin sun lanƙwaso. Kawunan famfon kashe gobara sun sauko ƙasa da inda suke. Sabuwar tsaga a bango. Ƙarfen sama ya lanƙwashe. Ko kana jin ƙara ƙas ƙas ko wani irin nishi daga sama. In kaga haka ba lokacin kwashe kaya bane, ka fitar da kowa, kwastoma da yaran shago, ka kira 'yan kwana-kwana daga waje. In masallaci ne a sallami jama'a ko da ranar Juma'a ce, liman ba zai ce komai ba. Kuma kar wanda ya hau sama da sunan zai rage nauyi, kai ma nauyi ne.

In tura yaran shagona su kwashe dusar da shebur? 'Yan kwangila tsada garesu.

Na san da tsada, amma ka saurare ni. Shimfiɗar TPO fara ce, dusa fara ce, in ta jiƙe santsinta ya fi na tayil ɗin banɗaki da sabulu. Bakin rufi baya ganuwa. Mafi haɗari tagogin haske na saman rufi, dusa ta rufe su ruf, yaro ya taka yana zaton rufi ne sai dai a tsince shi a ƙasa cikin shago. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata dokarta tana buƙatar kariya daga faɗuwa tun daga tsayin ƙafa 4 a wuraren aiki, ƙafa 6 a aikin gini, rufin shago kuma ya ninka haka sau uku ko huɗu. In yaron wani ya faɗo, banda hukuma da lauyoyi, da wane ido zaka kalli uwarsa?

Ka ƙulla yarjejeniya da ɗan kwangila mai inshora tun kaka, don ranar da dusa ta sauka kowa nemansu yake, wanda baya cikin littafinsu sai ya jira. Kuma ka tsaya ka ga yadda suke yi. Shebur na roba, banda na ƙarfe. Ba'a kankarewa har ƙasa, ana barin kamar inci 2 don kar a yanki shimfiɗa, don cikin sanyi tauri take yi ta zama mai saurin tsagewa. A fara da inda iska ta jibge, a buɗe hanyar magudana, a rage ko'ina daidai, kar a tara ta tsibi guda a tsakiyar rufi ace anjima za'a zubar. A ƙasa kuma a killace inda ake jefowa, kar ta faɗo kan mutum ko ta binne mitar gas da ƙofar gudun gobara. Tun kaka ka sa a kafa 'yan tutoci dogaye a wajen magudanai da tagogin haske da bututun gas, ranar zaka gode min.

Wani abu da bai shafi ruwa ba amma dole in faɗa, a duba bututun da hayaƙin hita ke fita kar dusa ta toshe shi, don iskar nan mai guba mara wari ciki zata dawo.

Silin na ɗiga, mai gyara ya hau sau biyu yace ba huji. Yaudarata yake?

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Gumi ne. Ka ga yadda kofin ruwan sanyi ke jiƙewa ta waje, haka iskar cikin gini mai ɗumi da laima ke tashi ta taɓa ƙarfen rufi mai sanyi ta koma ruwa, wani lokacin ma ta daskare a can sama tayi fari fat, ranar da gari ya ɗan sake sai ta narke ta zubo gaba ɗaya kamar anyi ruwa a ɗaki. Yadda zaka gane, yoyon huji yana bin ruwan sama ko narkewar dusa kuma wuri ɗaya yake ɗiga, gumi kuwa ko ba dusa a sama zai ɗiga, kuma a warwatse. Ginin da aka yi shi don ajiye kaya aka mayar dashi wajen taruwar mutum ɗari uku da wajen alwala, ko kicin da tukwane ke tafasa tun safe, ko shagon wanki, su suka fi fama. Maganinsa fanka mai fitar da iska waje, ba cikin silin ba, da toshe ramukan da iska ke bi ta hau.

Hajiya mai gidan abinci tace: ni nawa kullum wajen bututun kicin yake yoyo.

Hajiya maiƙo ne. Fankar dake zuƙe hayaƙin suya tana tofar da mai akan rufi, shi kuma mai yana cin robar EPDM, ta kumbura tayi laushi kamar tsohuwar tayar keke, sanyi na zuwa ta dare. A sa tiren tare maiƙo a gindin fankar a riƙa canza shi, in za'a sake wajen kuma a sa PVC don ita tafi jure mai. Masu wanke bututun ma ki ce musu kar su bar ruwan wankin akan rufi.

Ya riga ya faru, tsakiyar Janairu ne ruwa na zuba kan kaya. Me zanyi yanzu yanzu?

Fara da wuta, in ruwa na kusa da fitila ko waya ka kashe layin wajen. Janye kaya, rufe da leda, sa bokiti. Allon silin da ya sha ruwa ya kumbura a sauke shi a hankali kafin ya faɗo kan wani. Ɗau bidiyo da hoto kafin ka goge komai. Sanar da mai ginin da kamfanin inshora ranar, a rubuce, ba a baki ba. Ka tabbatar ma daga rufi ne, don bututun ruwa da na kashe gobara dake cikin silin suma suna daskarewa su fashe, wanda yake Texas a Fabrairun 2021 ya san wannan. Sannan busarwa, fanka da injin tsotse laima, don hunhuna tana iya fara fitowa cikin awa 24 zuwa 48, in ta kama bango kuɗin cireta wani babi ne daban, ga masu duba tsaftar abinci in shagon abinci ne.

Gyara kuwa, cikin sanyi faci ake yi. Yawancin gam da fentin rufi suna son zafi ya kai kamar digiri 5 na Salshiyas kuma wajen a bushe. TPO da PVC da iska mai zafi ake liƙe su don haka ana iya yi ko da sanyi in an samu rana busasshiya. Duk wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa bayan guguwa yace zai shafe rufin duka da wani fenti yau yau ka bashi rabin kuɗi, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya. Kuma kar ka manta inda yake ɗiga a ciki ba lallai nan hujin yake ba, ruwa yana bin kwarin ƙarfe yayi tafiyar ƙafa ashirin kafin ya sauko.

Ni haya nake, ai rufi na mai gida ne ko?

A gida haka muka saba, anan kuwa takarda ce ke magana. Akwai hayar kasuwanci da ake ɗora wa ɗan haya haraji da inshora da kula da gini, wani lokacin har share magudana da kwashe dusa, wani lokacin mai gida ya riƙe sake rufi kai ka riƙe ƙananan gyara. Ka ɗauko yarjejeniyar ka nemi inda aka ambaci rufi, in turancin lauyoyi ya maka yawa ka biya lauya awa ɗaya ya fassara maka. Kuma ko rufin nasa ne, inshorarsa gininsa take karewa, buhunan shinkafarka da atamfofinka da firizarka sai in kana da taka.

Ita inshora kuma abinda ya faru farat ɗaya take biya, tsufa da sakaci yawanci bata biya. Ma'aikacinsu zai hau ya duba, in ya tarar da magudana cike da ruɓaɓɓen ganye har ciyawa ta tsiro zai rubuta rashin kula ne. Nan ne hotunan Nuwamba da rasit ɗin da nace ka ajiye zasu yi maka magana. Garantin kamfanin rufi ma haka, da yawansu sharaɗinsu a riƙa dubawa akai akai, kuma in ka bari mai sa dish ko mai esi ya huda ba da saninsu ba, shikenan.

Nawa rufin kwano ne mai gangara, na tsira kenan?

Daga tafki ka tsira. Amma kusoshin kwano suna da 'yar roba a wuya wadda ke bushewa, kwanon kuma yana miƙewa yana tsukewa da zafi da sanyi har kusa ta sassauta. Ga kwatar bakin rufi da ƙanƙara ke cikawa har ta ɓalle. Babban haɗarinka shine dusa ta zame gaba ɗaya lokaci guda ta faɗo bakin ƙofa kan kwastoma ko motarsa, don haka a sa 'yan ƙarafan tare dusa a saman ƙofofi da wajen fakin.

Kwamitin masallacinmu na son sayen wani tsohon sito, ta ina zamu san lafiyar rufinsa?

Kar ku tsaya kan kafet da yawan wajen fakin, kafin a sa hannu ku ɗauki mai duba rufi naku na kanku, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ku ce ayi hoton zafi. Da yamma bayan rana ta faɗi ake yi da wata kyamara ta musamman, wajen da ruwa ya shiga ƙarƙashin shimfiɗa yana riƙe zafin rana fiye da busasshen wuri, sai ya fito a hoton kamar taswira. Sannan a yanki ɗan wuri a ga hawa nawa ne, don tsofaffin gine-gine da yawa rufi ne akan rufi, kuma dokar gini a mafi yawan wurare bata yarda a ɗora na uku ba, sai an kware duka, kuɗin kuma ba ƙarami bane, gara ku sani ku rage shi daga farashi. Ku tambayi shekarar da aka yi rufin, ko akwai garanti kuma ko yana bin sabon mai gini. Injiniya kuma ya duba ƙarafan, musamman in kuna da niyyar ɗora sababbin injinan esi ko wata 'yar hasumiya a sama.

Bayan an saya kuma a cikin kwamiti a ware mutum ɗaya da sunansa ace kai ne mai rufi, makullin tsanin sama da lambar ɗan kwangila da fayil ɗin hotuna duk a hannunsa. Wani masallaci da naje bara mutum bakwai ne a kwamiti, kowa ya rantse min ya zaci ɗayan ya kira an share magudanar, da na ɗaga kejin ƙwallon yara na ciro a ciki.